Waƙar da Ake Raɗa wa Ƙoƙo

Faɗa a kan alade ne ya mai da Nei Akineti 'yar kasuwa. Kafin ranar, in ka ce mata wata rana za a jera kayanta a kanti a Tarawa, babban birni, sai ta tambaye ka ko rana ce ta buge ka.

'Yar tsibirin Nonouti ce. Aure ya kawo ta tsibirin Abaiang tana da shekara goma sha tara, da akwati ɗaya, da tabarma biyu, da bakin da ya fi akwatin nauyi. Mijinta Bureieta ma'aikacin manyan jiragen ruwa ne na dakon kaya. Yakan zo gida bayan shekara ɗaya da rabi, ya yi wata biyu yana barci da ba da labarin sanyin Turai, ya tafi ya bar mata rediyo sabuwa da ciki. Da suka samu yara uku, rediyo ta kai biyar, ta ce masa ɗayan biyun ya isa haka. Saboda haka rayuwar aurenta kusan duka da iyayensa ta yi ta, wato Nei Meere da Ten Toromon. A can Nei ake sakawa gaban sunan mace, Ten ko Teng gaban na namiji.

Nei Meere mace ce da ke iya samun datti a cikin ruwan sama. Shi kuwa Ten Toromon mai yankan karewe ne, kuma ko maƙiyinsa ya san babu kamarsa a ƙauyen. Safe da yamma yake hawa bishiyoyin kwakwarsa takwas, ya shafto bakin furen da ya ɗaure, siriri kamar yankan farce, ya sauke ƙoƙon da ya cika da ruwan nan mai zaƙi, ya rataya wani. Kamar kowane mai yanka, yana hawa yana rera waƙa da ƙarfi, don matan da ke wanka a bakin rijiya su san akwai ido a sama. Amma shi yana da ta biyu. In ya kai ga furen, sai ya kai baki kusa ya raɗa masa wata waƙa da ba wanda ya taɓa jin ko kalma ɗaya daga cikinta.

Rabon Akineti a wannan sana'a shi ne wankin ƙoƙuna. Tun makon da ta tare, Nei Meere ta nuna mata: ƙoƙon kwakwa kashi biyu, kashi ɗaya na sama a kan bishiya, kashi ɗaya na ƙasa. Na ƙasan a tafasa su, a dirje da ɓawon kwakwa da yashi, a kife a rana har su bushe ƙayau. Kullum. Ba wata mace a ƙauyen da ke wannan wahala, sauran maza ɗauraye nasu suke da ruwan rijiya su mayar. Akineti ta tabbata don a gasa 'yar Nonouti aka ƙirƙiro aikin. Da tsohuwar ta rasu ta yi niyyar dainawa, sai dai kabarin yana nan bayan madafa, taku shida daga murhu, kuma ko a kwance Nei Meere ba ta yi kama da wadda ta daina sa ido ba.

Ranar faɗan, Akineti tana dafa karewe don ya zama maɗi, irin wanda ake ɗurawa a kwalba a riƙa dama wa yara. Maɗin ya ɗan wuce wuta, ta sauke tukunyar ke nan sai ta hango aladen maƙwabciyarta Nei Rakera a cikin kabewarta, ya tsinke igiya yana ta hidima. Muciya na hannunta, ba ta ajiye ba.

"Neiko!" ta ƙwala kira, yadda ake kiran mace a can, kamar yadda ake ce wa namiji Nao. "Zo ki ɗauki ɗan'uwanki, ya fi mijinki zuwa gidan nan!"

Rakera ta leƙo ta kan shinge tana tsane gashi. "Ai taimakonki yake. Wannan kabewar taki in ba alade ba wa zai ci?"

"Shi ya sa kika aiko 'yarki roƙonta ranar Lahadi?"

"Don alade na roƙa!"

Aka yi ta yi. Duk maganar da Rakera ta jefo, Akineti sai ta huce a kan tukunya, tana juyawa kamar wuyan maƙwabciyar ne a ciki. Can sai ta ji muciyar ta yi sakayau, tana wani ƙara shuu, shuu. Ta duba. Babu maɗi. Tukunyar cike take da wani abu ja-ja kamar yashin gaɓa.

"Me kika yi shiru?" in ji Rakera. "Zagin ya ƙare?"

"Zo ki gani."

Rakera ta tsallako shingen, ta wuce aladen ko kallo bai samu ba, ta lakato ta sa a harshe. Ta ƙara. Ta ce, "Wannan ai sukari ne. Ke, me kika zuba?"

"Sunanki na yi ta kira a kai."

Sai da ta gwada sau uku kafin ta kama hanyar: a bar maɗi ya yi kauri har ya fara tsalle, a sauke, a yi ta juyawa ba tsayawa ba tausayi. In ya warware ya zama yashi, su biyun sukan ce ya tashi. Ta samo ƙananan ledoji, tana liƙe bakinsu da wutar kyandir, ta rubuta sunanta da na ƙauyen a 'yar takarda ta saka a ciki. Da jirgin Tarawa ya zo, ta bi shi da leda arba'in a cikin bokiti.

Wuni guda ta yi a kasuwar Bairiki da ke Tarawa. Wani ya tambaya ko garin kori ne, wata ta ce maganin me yake yi. Da la'asar wata mata mai tabarau ta tsaya, ta ɗanɗana, ta juya ledar sama da ƙasa, ta matse ta, ta girgiza. Nei Tiebane ce, mai kantin da manyan ma'aikata ke sayen tsaraba in za su fita waje.

"Ba ya zuba," in ji ta, kamar ita kaɗai take wa magana. Ta dubi Akineti. "Kin san kwalbar maɗi nawa ta fashe a akwatin mutane? Mutum ya sauka a Fiji, tururuwa na bin kwat ɗinsa har ɗakin taro. Wannan kuwa ko zama aka yi a kansa, ba abin da zai same shi. Nawa kike iya kawowa?"

"Nawa kike so?"

"Ɗari biyu duk jirgi. Zan ba ki kantar bakin ƙofa, wadda ido ke fara sauka a kai. Amma ki ji da kyau, Neiko. Ba na ajiye katako tsirara. Jirgi biyu in kika gaza, taliyar leda zan jera a wurin, kada ki zo kina mini kuka."

Akineti ta ce ɗari biyu ai wasa ne. Sai da jirgi ya baro gaɓa ta tuna kwakwar surukinta takwas ce, kuma ko an hana kowa a gidan sha, ba za su wuce leda sittin a mako biyu ba.

Maganin a fili yake. Ta shirya da Teng Kautu, mijin Rakera, da wasu masu yanka uku, su riƙa sayar mata da karewen safe. Washegari aka kawo bokiti huɗu, ta hura wuta, ta dafa, ta sauke, ta juya har kafaɗarta ta yi tsami. Abu ya ƙi. Ya tsaya danƙo, ya kama muciya kamar ya ga uwarsa. Ta kira Rakera ta ce ta zage ta ko hannun zai ƙara ƙarfi. Rakera ta yi iya ƙoƙarinta, har ta taɓo dangin Nonouti, amma danƙo ya ci gaba da zama danƙo. Aka dafa na Ten Toromon a tukunyar, a kan wutar, ya tashi tun kafin a yi gumi.

Nan abin ya daina ba ta haushi ya koma ba ta mamaki, kuma Akineti in mamaki ya kama ta ba ta iya zama. Ta kafa tukwane biyu gefe da gefe, ta musanya su, ta musanya makamashi. Ta ce ko wuƙa ce, ta saci dutsen wasa wuƙar tsohon ta kai wa Kautu na kwana ɗaya. Ta ce ko ƙasa ce, sai ta tuna Kautu yana da bishiya biyu a jere da na tsohon, saiwarsu ma a haɗe. Ta ce ko lokaci ne, ta sa Rakera ta riƙa tayar da mijinta tun zakara bai gama shawara ba. Kautu ya hau bishiya yana hamma, ya sauko da karewen da ya ƙi tashi kamar na jiya.

"Muryarsa ce," in ji Rakera. "Na daɗe ina faɗa. In ya fara waƙar nan tasa ta rediyo, kaji ma barin gindin bishiyar suke. Furen tsorata yake yi."

Kautu yana zaune yana gyaran raga, ya ce, "Da wannan muryar na samo ki."

"Tausayi ne ya kawo ni, Nao. Na zaci ciwo ke damunka."

Wasa wasa, maganar ta tsaya a kan waƙa, domin ita kaɗai ta rage. A nan kuwa kana iya roƙon mutum kwalekwalensa, ko rigar da ke jikinsa, ya tuɓe ya ba ka, bai isa ya ce a'a ba. Abin da ba a roƙa shi ne sanin gida, wato sirrin da aka gada kaka da kakanni. Akineti ta san haka sarai. Duk da haka ta gasa kifin da tsohon ya fi so, ta kai masa da hantar a sama, ta zauna ɗan nesa tana murza igiya a cinya.

Ya cinye tas, ya suɗe yatsu, sannan ya ce, "Faɗi. Hanta ba ta zuwa ita kaɗai."

"Waƙar nan ce, tsoho. Ba duka ba. Ko baiti ɗaya ka ba su Kautu."

Ya dube ta kamar ta ce ya ba su haƙoransa. "Kakana ya ba ubana, ubana ya ba ni, a kan bishiya, ba a ƙasa ba. Ta Bureieta ce."

"Bureieta yana can yana goge ƙarfe a tsakiyar teku. Zuwansa na ƙarshe ma da ƙyar ya hau keke saboda ƙiba."

"Zai rame," in ji tsohon, ya juya ya kwanta.

Jirgi ya zo, ta tafi da leda sittin. Nei Tiebane ta jera su da tazara don su yi kamar suna da yawa, suka ƙare kafin Akineti ta gama shan shayin da aka ba ta. Mai kantin ba ta yi faɗa ba. Yatsa ɗaya ta ɗaga, ta nuna mata kwalayen taliya da ke jingine a bango suna jira.

Kwana uku ta yi kafin ta samu jirgin komawa. Washegarin dawowarta ta dafa karewen tsohon, ta sauke, ta juya. Ya ƙi tashi.

Ten Toromon da kansa ya zo ya leƙa tukunyar. Ya lakato danƙon, ya ja shi tsakanin yatsu biyu, ya koma tabarmarsa. Da rana aka kai masa abinci, ya ture. Akineti ta hango shi yana motsa baki yana lanƙwasa yatsu ɗaya bayan ɗaya, in ya kai ƙarshe sai ya koma farko.

"Baiti ɗaya ya faɗi," ya ce mata, muryarsa ƙasa ƙasa. "Ina jin gurbinsa, ban san inda ya faɗi ba. Haka ubana ya fara, shekarar da ya mutu."

Ba ta taɓa ganinsa ƙarami haka ba. Sai ta zagaya bayan madafa don ta huce a kan aikin da ta saba hucewa a kai. Ƙoƙunan suna zube inda ya watsar da su. Ta ɗauki ɗaya za ta jefa a tukunya, wani tsami ya bugi hancinta. Ta tsaya. Ta san warin nan. Shi ne ke tashi daga bokitin Kautu kowace safiya, ita kuwa ta ɗauka warin Kautu ne. Ta sa yatsa a gindin ƙoƙon, ta ji wani farin yauƙi. Kwana uku ba ta nan, tsohon ya yi abin da kowane namiji ke yi: ya ɗauraye da ruwan rijiya ya mayar sama. Ragowar na jiya ke tsamar da na yau tun yana ɗiga, kafin a sauke ya riga ya fara juyawa.

Ta zauna a gefen kabarin da ƙoƙon a hannu. "Ke tsohuwa," ta ce. "Shekara ashirin da biyu. Da kin faɗa mini, bakinki zai fashe ne?"

Ta tafasa, ta dirje, ta kife a rana. Da yamma tsohon ya rataya su. Da safe karewe ya tashi, ja-ja, har da ƙamshi. Ten Toromon ya ci kifi biyu a zama ɗaya.

"Na same shi," ya ce. "A tsakiya ya maƙale, ɗan banza."

Saura gwaji ɗaya. Ta faɗa wa Rakera, Rakera ta kwaso ƙoƙunan mijinta a ɓoye cikin zane.

"Ba zai lura ba?"

"Kautu? Ko mata aka canja masa sai ya kwana biyu."

Washegari karewen Kautu, na mai muryar korar kaji, ya tashi kamar na tsohon. Rakera ta yi guɗa, ta ce yanzu za ta je zauren gari ta faɗa wa duniya. Akineti ta riƙe mata zane.

"Ki ce me? Ki ce wa maza huɗu ƙoƙon da suke shayar da 'ya'yansu ƙazami ne? Daga bakin 'yar Nonouti? Gobe ko ɗigo ba za su sayar mini ba, kuma jikokina sai sun ji labarin."

"To a faɗa musu a hankali."

"Ke kin taɓa faɗin abu a hankali? Sannan shi tsohon fa? Kwana ɗaya ya yi yana zaton baiti ɗaya ya ɓace, ya daina cin abinci. In ya ji waƙar gaba ɗaya ba ta..." Ba ta ƙarasa ba.

Rakera ta zauna a kan turmi. "To ya za a yi? Saura kwana takwas jirgi."

Da la'asar aka sake gasa kifi da hanta a sama. Tsohon ya gani ya yi dariya. "Na ce miki ta Bureieta ce."

"Ba na ce ka ba kowa ba. Su kawo ƙoƙunansu nan, ka raɗa a ciki, su ɗauka su tafi. Waƙa tana bakinka, su ƙoƙo kawai suka samu."

Ya daina tauna. Abin ya shige shi, ta gani. "A ƙoƙo," ya ce. "Ban taɓa gwadawa ba."

"Sai dai a fara tafasa su. Ba za ka sa waƙar kakanka inda Kautu ya sha rera ta rediyo ba."

"Wannan gaskiya ne," in ji shi da sauri. "A tafasa sosai."

Haka aka yi. Kowace hantsi maza huɗu su kawo ƙoƙuna a rataye a sanda, kowa da ɗan kifinsa ko 'yar tabarsa ta gaisuwa. Akineti da Rakera su tafasa, su dirje, su shanya. In sun bushe, a kai wa tsohon bayan wata tabarma da aka rataya, ya ɗauki kowane ɗaya ya kai baki ya raɗa. Kautu ya taɓa laɓewa don ya saci ji, abin da ya samu kawai tari ne da ƙamshin taba. Karewen kowa ya riƙa tashi. Maza suka fara cire hula in za su wuce ƙofar gidan. Ledoji suka yi ta taruwa a kwali.

Jirgi ranar Juma'a ne. Ranar Laraba aka duba, saura leda ashirin da 'yan kai, daidai abin da karewen safiyar Alhamis zai bayar in bai yi gardama ba. Akineti ta kai ƙoƙuna bayan tabarma kamar kullum. Tsohon bai taɓa su ba. Kwana biyu ke nan ta lura ya matsar da wurin zamansa inda yake hango murhunsu.

"Yau ba zan yi ba," ya ce.

"Maƙogwaro ne? In dafa maka ruwan zafi?"

"Lafiyarsa ƙalau. Kai musu haka nan, kada ki ce komai. Nawa ma ba zan raɗa wa furen ba. So nake in ga wani abu."

"Tsoho, kantata fa! Saura tukunya ɗaya!"

Ta yi ƙoƙari ta sa tsoro a muryar, amma Akineti ba ta iya ƙarya da fuska ba, gira ɗaya takan ɗaga ba da saninta ba. Ya kalli girar, ya kalli ƙoƙunan, ya kunna tabarsa.

Ranar Alhamis tun da sassafe ya ɗauko tabarmarsa ya shimfiɗa dab da murhu, abin da bai taɓa yi ba. Karewen mutum biyar yana tukunya yana tafasa. Rakera tana tura ɓawo a wuta, ta matso kusa da kunnen Akineti.

"In ya tashi, ya gane."

"Na sani."

"Ki sassauta hannu. Ko ki sauke da wuri. Wa zai sani? Danƙo ai danƙo ne."

Hanyar tana da sauƙi ƙwarai: ta ɗan tsaya shan ruwa a tsakiyar juyi, shi ke nan, tukunya ta kama, tsoho ya koma tabarmarsa da waƙarsa cikakkiya, ita kuma ta je Tarawa da ɗari da saba'in da wani abu ta ga yadda ake jera taliya. Ta dubi mutumin da ya ba ta kwakwa ta farko da ta sha a tsibirin nan, ranar da ta sauka tana amai. Shi ma ita yake kallo, ba tukunyar ba.

Maɗi ya fara tsalle. Ta sauke, ta kama muciya hannu biyu.

"Neiko," in ji tsohon. "Juya yadda kika saba. Ina ƙirga."

Ta juya. Ba ta tsaya ba, ba ta sassauta ba, gumi na shiga mata ido. Muciya ta yi nauyi, ta ƙara nauyi, sannan ta saki. Shuu, shuu.

Rakera ta sami wani abu mai muhimmanci a cikin toka ta tsura masa ido. Ten Toromon ya miƙo tafin hannu, aka zuba masa, ya murza da babban yatsa, ya lasa. Ya daɗe yana tsotsa.

"Tafasa ƙoƙon nan," ya ce daga baya. "Wa ya koya miki?"

"Nei Meere."

"Ita kuma fa?"

"Ta ce surukarta ce ta sa ta. Ta ce ita ma kuka ta riƙa yi."

"Uwata ke nan." Kafaɗunsa suka fara rawa, Akineti ta tsorata ta zaci kuka ne. Sai dariya ta ɓalle masa, irin wadda ke ƙarewa da tari, har sai da Rakera ta bubbuga masa baya. "Uwata! Ubana yana can sama yana raɗa, rana na dukansa, ita tana nan ƙasa da tukunya! Kuma ba wadda ta taɓa cewa uffan!"

"Wataƙila su ma ba su sani ba," in ji Akineti.

"Meere? Meere ta sani. Duk ranar da aka yabi karewena a zaure, in na dawo sai ta ce in ci abinci kada in shaƙe." Ya share ido da bayan hannu.

Daidai nan Kautu ya shigo ɗaukar bokitinsa. Ya ga tukunya cike da sukari, ya ga tsoho da hawaye, ya tsaya da hula a hannu. "Lafiya, tsoho? An ce jiya ba a ji motsinka bayan tabarma ba."

Rakera ta buɗe baki, Akineti ta taka mata ƙafa. Ten Toromon ya gyara zama, ya dubi Kautu daga sama har ƙasa.

"Ta shekaranjiya ce ba ta gama fita ba," ya ce. "Waƙar gidanmu ba ta sakin ƙoƙo da wuri, ba irin taku ta rediyo ba ce. Daga yau Litinin da Alhamis kawai zan riƙa yi, na tsufa. Amma ƙoƙo kullum za a kawo shi nan a tafasa, don kada wata waƙar ta shiga ta gurɓata tawa. Ka faɗa wa sauran."

"To, tsoho. Tabar fa? Ita ma Litinin da Alhamis?"

"Taba kullum."

Ranar Juma'a Akineti ta zauna a kan kwalayenta a cikin jirgi, ta lulluɓe su da tabarma saboda feshin ruwa, ba ta tashi ba har tashar jirgi ta Betio, a Tarawa. Nei Tiebane ta buɗe kwali na farko, ta jera, ta buɗe na biyu, kanta ta cika har ta ɗora wasu a kan wasu. Ta ja baya ta gyara tabarau.

"Jirgi mai zuwa ɗari uku," ta ce. "Akwai wani otal da ke tambaya. Me kika canja ne?"

"Sanin gida ne," in ji Akineti. Ta duba tafin hannunta da yashi da ruwan zafi suka ɓare, ta tuna akwai masu yanka shida a ƙauyen gaba, kowannensu da ƙoƙo ashirin. "Neiko, a ina ake sayar da manyan tukwane a garin nan? Irin wadda mutum zai iya wanka a ciki."